Babi na Biyar: Ciwon Damuwa da Hawa da Saukar Rai a Zangon Agege

Zaman Hausawa a Agege ya samo asali ne daga goro da jirgin ƙasa, domin tun farkon ƙarni na 20 gonakin goro suka yawaita a wannan yanki na arewacin birnin Ikko, kuma da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912 sai fatake suka sami hanyar ɗora huhunan goro daga tashar Agege zuwa kasuwannin Arewa ba tare da wahalar ayari ba. Masaukin fatake ya zama zango, zango ya zama unguwa mai masallatai da makarantun allo da fadar Sarkin Hausawa, har ta kai ga yau ana samun gidajen da kakanninsu ma a nan aka yanke musu cibiya, waɗanda Yarbanci ya zauna a bakinsu kamar yadda Hausa ta zauna. A gefen waɗannan zaunannun iyalai kuma akwai ɗimbin 'yan ci-rani da ke sauka daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Jamhuriyar Nijar, wasu su kama aiki a mayankar Oko-Oba, wasu su nufi kasuwar Mile 12, wasu su shiga gadi ko garuwa ko acaɓa ko bola-jari, kuma akasarinsu sun baro mata da 'ya'ya da iyaye a gida. Wannan nisa tsakanin mutum da waɗanda suka san shi tun yana ƙarami yana da nauyi ƙwarai a batun wannan babi, saboda cututtukan yanayin rai ba a gano su da gwajin jini ko hoton ƙirji. Ana gano su ne ta hanyar lura da cewa mutum ya sauya daga yadda aka san shi, kuma wanda bai san halin mutum na jiya ba da wuya ya gane na yau baƙo ne.

Abin da masana halayyar ɗan Adam da likitocin ƙwaƙwalwa ke nufi da yanayin rai shi ne halin da zuciya ke zaune a cikinsa na tsawon lokaci, wanda ke rina yadda mutum yake kallon kansa da sana'arsa da gobensa, saɓanin fushi ko murnar da ke zuwa da hantsi ta wuce kafin la'asar. Cututtukan da ke taɓa wannan yanayi sun kasu gida biyu manya, domin akwai waɗanda ke danne rai ƙasa kawai, wato ciwon damuwa da danginsa, akwai kuma waɗanda ke ɗaga rai sama fiye da kima a wani lokaci sannan su danne shi a wani lokacin, wato ciwon hawa da saukar rai, wanda a asibiti ake kira baifola. Kafin likita ya yanke cewa mutum yana da ciwon damuwa mai tsanani, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sami alamomi aƙalla 5 cikin 9 da suka ɗauki mako biyu ko fiye, kusan kullum kuma kusan yini sukutum, kuma wajibi ne ɗaya daga cikinsu ta kasance ƙuncin zuciya ko gushewar jin daɗin abubuwan da a da suke faranta wa mutum rai. Sauran sun haɗa da rikicewar barci, musamman farkawa tun kafin kiran assalatu a kasa komawa, da ƙin abinci har mutum ya rame, da mutuwar jiki, da nauyin motsi da magana ko kuwa kasa zama wuri ɗaya, da kasa tattara hankali, da ganin kai ba shi da wani amfani, da yawan tunanin mutuwa. Sai alamomin sun kai ga hana mutum neman abincinsa ko zama da jama'a ake ɗaukar su ciwo, wanda hakan ne ya raba su da baƙin cikin rasuwa ko na asara, wanda kowane mai rai yake ɗanɗana kuma yakan yi sauƙi da wucewar kwanaki da ta'aziyyar 'yan uwa.

Sai dai da wuya a ga Bahaushe, namiji ko mace, ya zauna gaban ma'aikacin lafiya ya ce ransa a ƙuntace yake. Abin da yakan ce shi ne kansa yana zafi daga tsakiya, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko barci ya ƙaurace masa, ko kuma, idan ya saki jiki da mai tambaya, ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Waɗannan koke-koke ciwo ne na gaske da mai su yake ji a jikinsa, kuma likitocin Najeriya sun daɗe da lura da su, domin tun a 1975 Ayo Binitie ya kwatanta masu ciwon damuwa na Najeriya da na Ingila, ya ga cewa alamomin jiki sun fi fitowa fili a wurin na nan, yayin da ɗora wa kai laifi ya fi fitowa a wurin na can. Illar ba ta cikin yadda mara lafiya yake bayani, tana cikin inda bayanin yake kai shi. Ɗan garuwan da ya wayi gari ya kasa tura kurarsa zai fara da kemis a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, in bai ji sauƙi ba ya je gwajin jini a ce taifod ne, a yi masa allurai da ƙarin ruwa, daga nan ya koma wurin mai maganin gargajiya a ce basir ne ko shawara ko sanyi, har wata uku ko huɗu su shige, kuɗin da ya tara don aikawa gida ya ƙare a magani, sannan kunyar kasa aikawa ta ƙara danne shi. A duk wannan zagaye babu wanda ya yi masa tambayoyi biyu da ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya yi cikin minti ɗaya, wato ko a makonnin nan yana jin zuciyarsa a ƙuntace mafi yawan lokaci, da kuma ko ya daina jin daɗin hira da abinci da duk abin da ya saba so.

Wannan makanta tana da tarihi. A zamanin mulkin mallaka likitocin Turawa da dama sun rubuta cewa ciwon damuwa bai cika kama mutumin Afirka ba, kuma J. C. Carothers ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa a 1953, alhali su gidajen mahaukata kawai suke dubawa, inda ba a kai kowa sai wanda ya ta da hankalin gari. Margaret Field, wadda ta zauna a wuraren bokaye a ƙasar Ashanti ta Gana ta kuma buga bincikenta a 1960, ta iske mata masu ciwon damuwa da yawa suna zuwa suna zargin kansu da maita, sannan binciken da Thomas Adeoye Lambo ya yi tare da Alexander Leighton da abokan aikinsu a ƙasar Yarbawa, wanda ya fito a 1963, ya nuna alamomin damuwa sun yaɗu a cikin gari da ƙauye. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 ya nuna mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, kusan miliyan 40 kuma da ciwon hawa da saukar rai, kuma mata sun fi maza kamuwa da na farkon. A jihar Legas kanta, binciken da Abiodun Adewuya da abokan aikinsa suka yi kan manya fiye da 11,000, wanda aka buga a 2018, ya sami alamomin ciwon damuwa a jikin kashi 5.5 cikin 100, kuma a birni mai cunkoso irin wannan hakan na nufin dubban ɗaruruwan mutane.

Ba abu ɗaya ke haddasa ciwon ba. Gado yana da hannu, domin binciken tagwaye ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya bisa uku na bambancin haɗarin kamuwa da ciwon damuwa daga gado yake, a ciwon hawa da saukar rai kuwa kason ya haura rabi nesa ba kusa ba, shi ya sa likita yakan tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi. Ƙwaƙwalwa ma tana da hannu, ko da yake bayanin da ya yaɗu cewa ƙarancin wani sinadari guda mai suna sirotonin ne tushen ciwon ya gaza ɗaukar nauyin hujjojin da aka tara, kuma masana yanzu sun fi duba yadda doguwar wahala ke rikita tsarin barci da sinadaran fargaba da hanyoyin saƙo a ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Wasu cututtukan jiki, kamar raunin ƙululun maƙogwaro mai suna tayirod da ƙarancin jini da shanyewar ɓarin jiki, sukan zo da alamomi iri ɗaya, don haka ba a tsallake duba jiki. Amma abin da ya fi kusa da rayuwar zango shi ne binciken George Brown da Tirril Harris na 1978 kan matan unguwar Camberwell a Landan, waɗanda suka nuna cewa ciwon yakan biyo bayan babbar asara ko dogon matsi, kuma ya fi samun wadda ba ta da wani na kusa da take buɗe wa cikinta. Duk wanda ya san halin da 'yan acaɓa suka shiga bayan 1 ga Yuni 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana sana'ar kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida da suka haɗa da Ikeja mai maƙwabtaka da Agege, aka kuma riƙa murƙushe baburan da aka kama, zai gane yadda asara da bashi da kaɗaici ke haɗuwa a kan mutum ɗaya. Saurayin da aka ƙwace wa babur ɗin da bai gama biya ba ya rasa jari da sana'a da mutuncin mai ciyar da gida a rana guda, ga wayar gida ba ta daina shigowa. Wasu sukan nemi sauƙi a taramol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, kuma daga nan sai jama'a su ga shaye-shayen su yi hukunci, ciwon da ke ƙarƙashinsa ya ƙara ɓuya.

Tarbiyyar Hausa ta ɗaukaka haƙuri da kunya da ɓoye sirrin ciki, kuma waɗannan ɗabi'u ne da suka riƙe mutane da yawa a cikin tsanani, sai dai a wannan ciwo sukan zama labule. Mutumin da ya daina fitowa majalisa ya yi shiru a ɗaki akan yabe shi da haƙuri a makonnin farko, daga baya a zarge shi da lalaci, in kuma ya kuskura ya faɗi abin da yake ji a ce masa ya rage tunani ya ƙara tawakkali. Nasihar daga kyakkyawar niyya take fitowa, amma ga wanda ciwon ya riga ya cika masa zuciya da ganin laifin kansa, fassarar da yake yi mata ita ce imaninsa ma ya samu matsala, musamman da yake nauyin jiki yakan sa sallar da ya saba yi cikin nishaɗi ta zama masa aiki. Ai kuwa malaman Musulunci na farko ba su haɗa ciwon da raunin imani ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rarrabe a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, wanda lallashi da gyara tunani ke magancewa, da wanda ke faɗowa ba tare da wani dalili na fili ba, wanda ya danganta da jiki ya kuma ce yana buƙatar magani. Limamin da ya san wannan zai iya haɗa addu'a da nasiha da cewa a je asibiti, ba tare da jin ya bar koyarwar magabata ba.

Ciwon hawa da saukar rai kuwa ba ya ɓuya, amma fitowarsa fili ba ta sa a gane shi. Lokacin hawan, wanda likitoci ke kira maniya, yanayi ne na ɗagawar rai ko zafin rai tare da ƙaruwar kuzari da ya ɗauki aƙalla mako guda, ko ƙasa da haka in ya kai ga kwantarwa a asibiti. A ɗauki misalin mahauci mai kawaici a mayanka, wanda aka san shi da lissafi da ƙarancin magana, sai ga shi yana barcin sa'a biyu ya tashi garau ba gajiya, yana magana da sauri yana tsalle daga zance zuwa zance har ba a iya katse shi, ya karɓi shanu bashi fiye da abin da zai iya sayarwa, ya raba jarinsa ga almajirai da 'yan dako, ya aika neman aure wuri biyu, ya miƙe bayan sallah ya ce an ba shi wani saƙo da zai gyara al'umma, kuma duk wanda ya ce masa ya dakata sai ya far masa da faɗa. A kwanakin farko abokan sana'a sukan ce Allah ne ya buɗa masa, daga baya su ce ya fara ƙwaya, in abin ya yi ƙamari a ce jifa ne ko aljanu ko hauka tuburan. Shi kansa ba ya ganin yana da ciwo, domin bai taɓa jin ƙarfi da basira irin na waɗannan kwanaki ba, kuma wannan ne ya sa kai shi asibiti yake da wuya. Bayan makonni ko watanni hawan yakan sauka, ya bar mutum da bashi da ɓatattun zumunci da kunyar abin da ya aikata, sau da yawa kuma faɗuwa cikin damuwa mai tsanani ta biyo baya. Akwai nau'in da hawan bai kai haka ba, wanda ke ɗaukar kwana huɗu ko fiye ba tare da ya raba mutum da aikinsa ba, kuma masu shi kusan ba sa zuwa asibiti sai a lokacin faɗuwa.

Likitocin Faransa Jean-Pierre Falret da Jules Baillarger ne suka bayyana a shekarun 1850 cewa hawan da saukar ciwo ɗaya ne mai zagayowa, sannan Emil Kraepelin na Jamus ya raba shi a 1899 daga ciwon ruɗewar hankali mai daɗewa, bisa hujjar cewa mai shi yakan dawo hayyacinsa tsakanin tashi da tashi. Wannan hujja ita ce ya kamata ta fi shiga kunnen jama'a, domin mahaucin da aka ɗaure jiya zai iya komawa kan teburinsa ya yi shekaru lafiya lau, kuma sunan mahaukaci da aka liƙa masa, wanda ke hana shi aure da amanar kasuwa, ya fi ciwon kansa daɗewa. A Najeriya, Roger Makanjuola na jami'ar Ife ya ba da rahoto a 1985 cewa a cikin marasa lafiyar da ya bi, waɗanda hawan ke maimaita musu ba tare da an ga faɗuwa ba sun fi waɗanda aka ga duka biyun yawa. Mai yiwuwa ne ciwon yana da wannan siffa a wasu al'ummomi, amma akwai dalili mai ƙarfi na zaton cewa faɗuwar tana zuwa ta wuce a cikin ɗaki, domin wanda ya yi shiru bai dami kowa ba, ba kuma a ɗaukar masa mota.

A nan ne batun wanda ya san mutum ya zama batun magani kai tsaye. Idan mai ciwon hawa da saukar rai ya zo asibiti a lokacin faɗuwa, alamominsa ba su da bambanci da na ciwon damuwa zalla, kuma idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, maganin zai iya tunzura shi zuwa hawa. Abin da zai kare shi shi ne likita ya ji cewa shekara biyu da suka wuce ya taɓa yin mako uku ba ya barci yana rabon kuɗi, labarin da shi kansa ba zai kawo ba don bai ɗauke shi ciwo ba, sai dai mata ko ƙane ko maigidan da ya sauke shi. Ɗan ci-ranin da ke kwana a shago ko a harabar masallaci tare da mutanen da suka san shi wata shida kacal ba shi da wannan shaida. Ga shi kuma rashin barci yana cikin abubuwan da suka fi ta da hawan, alhali gadin dare da tuƙin tirela daga Arewa da sauke kaya da asuba a kasuwa su ne sana'o'in da ke hannun waɗannan mutane.

Bayan waɗannan manyan nau'o'i, akwai damuwa mai sauƙi da ke jan shekara biyu ko fiye har a ɗauka halin mutum ne, akwai kuma ƙaramin hawa da sauka mai irin wannan tsawo, amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na bayan haihuwa. Yawancin masu jego sukan yi 'yan kwanaki na saurin kuka da rauni wanda ke wucewa da kansa kafin mako biyu, sai dai fiye da mace 1 cikin 10 tana shiga ciwon damuwa na sosai a lokacin goyon ciki ko bayan haihuwa, ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, ta riƙa jin ba ta iya uwa ba, ta kuma ɓoye don kada a ce ba ta gode wa Allah ba. Al'adar komawa gida wankan jego, inda uwa ko gwaggo ke ɗauke wa mai jego aiki har kwana arba'in, kariya ce babba, kuma ita ce amaryar da aka kawo Agege daga Funtuwa ko Gusau take rasawa idan ta haihu a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, mijinta ya fita tun asuba, maƙwabtanta ba sa jin harshenta. Wani nau'in dabam, wanda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yana zuwa ne a makonni biyun farko da ruɗewa da rashin barci da jin muryoyi ko zargin za a cuci jaririn, yana da alaƙa ta kusa da ciwon hawa da saukar rai, kuma larura ce ta gaggawa da ba ta jiran a gama hayaƙi da rubutu.

Maganin ciwon damuwa ya kasu tsakanin magana da ƙwaya. Na magana, irin wanda Aaron Beck ya tsara a Amurka a shekarun 1960, yana koya wa mutum kama tunanin da ke cewa komai ya lalace ya auna shi da hujja, ya kuma koma ayyukansa kaɗan-kaɗan tun kafin sha'awarsu ta dawo, kuma ga ciwo mai sauƙi ko matsakaici yakan wadatar. Ƙwayoyin da aka fi samu a Najeriya, irin su amitiriftilin da fulokzetin, ba sa aiki kamar maganin ciwon kai, domin sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke, wanda rashin bayyana shi ga mara lafiya ke sa da yawa su watsar a mako na farko su ce bai karɓe su ba. Ciwon hawa da saukar rai kuwa yana buƙatar maganin da ke daidaita rai na tsawon shekaru, kuma mafi daɗewa a cikinsu shi ne litiyam, wanda John Cade ya gano amfaninsa a Ostireliya a 1949, wanda kuma aka tabbatar yana rage haɗarin kashe kai. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙarama ce, don haka sai da gwajin jini a kai a kai, kuma zufa mai yawa da gudawa da azumi cikin zafi da magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak, waɗanda masu aikin ƙarfi ke saya a kemis kullum, duk suna iya ɗaga shi a jini zuwa matakin haɗari. Wani maganin, balfurowet, yana iya nakasa ɗan da ke ciki, saboda haka ba a ba macen da ke iya ɗaukar ciki sai in babu makawa.

Mafi munin ƙarshen waɗannan cututtuka shi ne mutum ya kashe kansa, abin da ke cin rayuka fiye da 700,000 a duniya kowace shekara. Haramcin da addini ya ɗora a kai yana kare mutane da yawa, amma kuma yana sa mai irin wannan tunani ya kulle bakinsa, sai dai a ji yana cewa gara mutum ya huta, ko ya fara biyan ƙananan basussuka yana neman gafarar mutane ba tare da wata tafiya a gabansa ba. Tambayar mutum kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin halaka kansa ba ta dasa masa tunanin, kuma wanda ya amsa da e ba a barinsa shi kaɗai har sai ya ga likita. Sashe na 327 na kundin laifuffuka na Kudancin Najeriya ya tanadi ɗaurin shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin, ko da yake dokar jihar Legas ta mayar da hukuncin zuwa umarnin kai shi asibiti, kuma muddin yunƙurin yana cikin jerin laifuffuka, iyalai za su ci gaba da ɓoyewa a lokacin da ya fi kamata su nemi taimako.

Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda aka buɗe a 1907 a matsayin gidan tsare mahaukata, har yau sunansa kaɗai yana tsorata mutane, duk da cewa mafi yawan masu zuwa can suna ganin likita ne su koma gida a ranar, kuma akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja, wanda ya fi kusa da Agege. Dokar mahaukata ta 1958, mai tushe a ta 1916, ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023 lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai kare haƙƙin marasa lafiya, amma likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma kaɗan ne daga cikin na Legas ke jin Hausa, a fannin da magana ce kayan gwajinsa. Mafita tana cikin ƙananan asibitoci da mutanen unguwa. Gwajin da Oye Gureje ya jagoranta a jihar Oyo, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka horar sun kula da masu ciwon damuwa har kusan uku cikin huɗu suka warke cikin shekara, sannan wani gwajin nasa a Ibadan da Kumasi, na 2020, ya nuna masu ruɗewar hankali sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya. Zango yana da masu unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da iyayen gida masu sauke baƙi, kuma su ne na farko da ake kira idan wani ya rikice, don haka su ne ya fi dacewa a fara koya wa alamomin.

Hukuncin da waɗannan shugabanni suka fi yankewa shi ne a haɗa kuɗin mota a kai mara lafiyar gida. Akwai hikima a ciki, kuma ita ce Lambo ya gina tsarinsa a kai a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda yake sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu maimakon kulle su a ɗaki. Amma Lambo ya haɗa dangi da magani ne, alhali wanda aka ɗora a motar Kano daga Agege yakan tafi ba takardar likita, ba ƙwayar da za ta kai shi wata guda, ba kuma wanda zai faɗa wa iyayensa abin da aka gani, sai a fara neman dalili daga farko, wani lokaci a ƙare a gidan mari irin waɗanda aka bankaɗo a Rigasa da Daura a 2019. Abin da ya kamata ya bi shi bai fi takarda ɗaya mai sunan ciwon da sunan maganin da adadinsa ba, tare da ɗan rakiyar da ya ga yadda abin ya fara, da sanin cewa akwai inda za a ci gaba da kula da shi a Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri. Da yake kuma mafi yawansu sukan dawo Legas bayan girbi, kuma ciwon hawa da saukar rai yakan dawo musamman idan an bar magani, wajibi ne takardar ta dawo tare da shi, maigidan da zai sauke shi kuma a gaya masa cewa dare biyu ko uku ba barci ba gajiya alama ce ta a koma asibiti tun kafin a kai ga rabon jari.